Ranar da Yaya Ya Yi Sauri

Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Allona ya tsaya a inda bulalar malam ta fi ƙarfina, bokon Faransa kuwa na yi sallama da shi ranar da aka ce in zana taswirar ƙasarmu, na zano wani abu mai kama da kwaɗo. Saboda haka duk wanda ya zo neman tarihin boren sojoji a bakina, wa ya fara harbi, wa ya cinye albashin wa, ya yi ɓatan kai. Abin da na sani shi ne yadda muka kai Yayana kabari, kuma a wannan fanni ko farfesa ne sai ya cire takalmi ya zauna ya saurare ni.

Yaya goro yake sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma tun da aka kafa Bangui a bakin kogi ba a yi mai nawa irinsa ba. In ka ce ya ba ka goro, sai ya kwance huhu kamar mai canza wa jariri zani, ya yayyafa ruwa, ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya mayar, ya tambaye ka lafiyar surukarka. Inna, Allah ya jiƙanta, takan ce ko haihuwarsa sai da aka roƙe shi.

Bayan katangar gidanmu akwai wata 'yar coci ta kwano. Fastonta ƙato ne, tumbi a gaba, gwiwa ɗaya ta daɗe da yin murabus, kullum yana dogara baƙar lema. Sun kwashe shekaru suna faɗa da Yaya a kan gangar Lahadi. Da Sango, harshen garin, suke yi, ni ne nake juya muku shi.

"Fasto!" in ji Yaya ta saman katanga. "Mala'ikun naku kurame ne?"

"Naku da kuke kira tun asuba da lasifika fa, mai goro? Nauyin barci gare su?"

Ranar Litinin kuma sai ga shi a rumfar Yaya, ya karɓi farin goro ya cusa a jakar littafinsa, don dattawan cocinsa na ganin cin goro halin Arabo ne. Mu kuwa duk Arabo ake ce mana, ko da a Katsina aka binne cibiyar kakanka, kai kuma ungozomar Bangui ce ta yanke taka.

Sai sojoji suka yi bore. Suka koma bariki, suka sake fitowa, har muka daina lissafi. Gari ya tsage gida biyu. Kowace mahaɗa aka girke mata shinge: tsohuwar taya, duro, bencin makaranta, da samari masu jan ido a bayansu. Kaki ɗaya ne da su duka, ba ka sanin na wane ɓangare ne sai ya mare ka ya gaya maka dalili.

A wannan lokaci ne Fasto ya ɗaura farin hankici a kan lemarsa. Shi da wasu shugabannin coci da limamai suka riƙa bin shingaye suna roƙo, a saki wane, a bar mata su ɗebo ruwa. Sauran sukan gaji, shi ba ya gajiya. Kalma ɗaya ce a bakinsa, siriri, wato zaman lafiya, har yaran unguwa suka laƙa masa ita. Da aka baza jita-jita cewa ladaninmu da kiran salla yake sanar da abokan gaba inda za su jefa bam, wasu samari suka taso da adduna ranar Juma'a. Fasto ya jawo benci ya zauna a ƙofar masallaci, ya fito da goronsa a fili yana ci, bai tashi ba sai da aka sallame. Ladansa ya zo masa daga ɓangare biyu. Mutanensa suka ce ya zama Faston Arabo. Namu suka ce takalmanmu yake ƙirga wa soja.

Cikin wannan hali Yaya ya ga dama ya rasu. Ba harsashi ba, ba bam ba, ciwon ciki ne kawai, da hantsi, a kan tabarmarsa. Mutumin da bai taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba ya zaɓi lokacin da hanyar maƙabarta ke toshe.

Waɗanda suka riga shi a kwanakin, a tsakar gida aka rufe su, wani ma a bayan shago. Na duba tsakar gidanmu, taku kaɗan ne tsakanin rijiya da masai. Matar Yaya ta kama gefen rigata.

"Ka ji da kunnenka abin da Yayanka ya ce. Kusa da Inna. In ka haƙa masa rami a nan, ni ma ka haƙa mini nawa, don ba zan sha ruwan rijiyar nan ba."

Rana kuma tana hawa. Zafin Bangui ba ya jin kunyar mamaci, mu kuwa ba ma ajiye gawa a sanyi kamar kifi, ko da akwai wutar da za a yi sanyin.

Maza suka taru a ƙofar gida. Cikinsu akwai wani Alhaji mai shagon kayan gini a Titin Koudoukou, mutumin da shaddarsa ke sallama kafin bakinsa. Shi ya kawo dabara. Ya ce soja na barin akwatin gawa ya wuce. Yana da katako. A buga akwati, a manna masa gicciye, a ari mata biyu daga cocin Fasto su yi kuka a baya, in an tsallake shinge a fito da Yaya a jefar da akwatin. Limaminmu ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni ma na gyaɗa kai, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Aka kira Fasto. Ya shigo ya tsaya a kan Yaya, ya daɗe, sannan ya fito ya ji dabarar. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Alhaji, in sai mai goro ya ari gicciyena kafin ƙasa ta karɓe shi, gobe ni ma sai na ari hularka kafin in shiga kasuwa. Yadda ya rayu haka zai tafi. A makararku, cikin likkafaninku, rana tsaka."

Ya ɗauki lemarsa ya nufi shingen shi kaɗai, yana jan ƙafa. Mu muka shiga wanka da ɗinkin likkafani. Kafin azahar ya dawo, gumi ya jiƙa shi har wuya.

"Ita," ya ce mini, haka yake kirana, wato ɗan'uwa. "Sajen da ke shingen ya yarda. Sharaɗi ɗaya, ni ne a gaba da lemata. Na ce masa jana'iza ce za ta zo. Ya ce to, wa bai san jana'iza ba?"

Muka ce alhamdulillahi. Wa bai san jana'iza ba?

To ga inda ilimi ya ƙare mana gaba ɗaya, mai digiri da mai allo. Jana'izar da Fasto ya sani, kuma ita sajen ya sani, tafe take kamar amarya. Mata a gaba da zani iri ɗaya, ganyen kwakwa a hannu, mawaƙa suna rausaya, wata tana faɗuwa ana ɗaga ta, tun daga nesa za ka ji su ka cire hula. Tamu kuwa maza ne zalla, ba kuka, ba waƙa, kuma an hore mu da a gaggauta da mamaci. Kowa na son ya sa kafaɗa ya sami lada, wannan ya karɓa, wancan ya zame, ba a tsayawa. Shekarun da muka yi katanga ɗaya da Fasto, bai taɓa raka gawarmu ba, mu ma ba mu taɓa raka tasu ba. Ƙarar juna kawai muka sani.

Ƙari a kan haka, da can masu haƙa kan riga mu zuwa. Ranar nan ba hali, sai muka tafi tare, diga da shebur a kafaɗun samari. Ni aka bar wa kurar tura kaya mai ɗauke da itacen rufe kabari da jarkar ruwa, don ba wanda ya taɓa jin an ambaci ladan tura kura a wa'azi.

Aka sallaci Yaya, aka ɗauka. Fasto ya shiga gaba, ya ɗaga lema, ya fara takunsa na coci, ɗaya, a huta, ɗaya. Ba a yi nisa ba na gaba suka fara taka masa dunduniya. Tsoro kuma ya ƙara wa sunna mai, kowa so yake a je a dawo. Sai makara ta karkata ta gefensa kamar motar haya ta wuce keke.

"Yeke yeke!" yake ihu, a hankali, a hankali. Wa zai ji? Alhaji ma waigowa ya yi ya ce, "Fasto, ka taho a sannu, ka same mu a can."

Daga inda nake a baya na hango abin da soja suka hango. Taron maza sun sha kwana a guje, baki a rufe, ƙarafa na walƙiya a kafaɗa, a tsakiyarsu wani dogon abu lulluɓe da koren mayafi. Ba mace, ba waƙa, ba lema. Wallahi ni kaina da bindiga ce a hannuna da na yi tunani.

Su ba su yi tunani ba.

Ƙarar farko masu neman lada suka saki ladan a tsakiyar titi. Makara ta faɗi, Yaya ya mirgino rabi. Manyan 'yan kasuwar Kilomita Biyar suka yi tsalle cikin lambatu, shadda da sitaci da komai, Alhaji a ƙasa, wasu a kansa. Ni na kwanta a bayan jarkar ruwa, wadda ko rabin cikina ba ta rufe ba.

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba, Fasto yana gudu. Tumbi na gaba, gwiwa na baya, lema na sama, yana kururuwa da Sango cewa gawa ce, gawa ce. Ya wuce ni, ya wuce lambatu, ya kai gaban makara, wurin da aka yi alkawari zai tsaya. Sai kawai ya zauna daɓas, kamar wanda aka janye wa kujera. Lemar ba ta faɗi ba.

Harbi ya tsaya. Sajen ya taho, gajere, sanye da silifa, bakinsa na warin giyar rogo. Bai ko dubi cinyar Fasto da ke ambaliyar jini ba.

"Kai, tsoho! Jana'iza ka ce mini! Ina matan? Ina masu kuka?"

"Haka suke yi, ɗana. Ban sani ba."

"Haka suke yi! Kare ne ya mutu da za a ruga da shi?"

Ya sa bakin bindiga ya ɗage mayafin, ya zare wuƙa ya farke likkafanin ta fuska. Yaya na nan da audugarsa a hanci. Harsashi biyu sun huda shi a kafaɗa, ba jini, bai kuma ko motsa ba, kamar yadda ya saba. Sajen ya tofar da yawu, ya juya ga lambatu.

"Ku fito, 'yan'uwan mamaci! Wa ya fi kusa da shi?"

Na ɗaga hannu.

"Yi kuka."

Na buɗe baki. Tun safe nake riƙe hawaye don kada mata su gani, yanzu da ake nemansu da bindiga suka ƙi zuwa. Wani sauti ya fito mini kamar na akuya ta haɗiyi leda. Sojojin suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Dariyar nan ce ta cece mu.

"Ku wuce," in ji sajen. "Amma akwai wani shinge a bakin gada, kuma ba ni da abin kiransu. Yarana rabinsu sama suka harba, waɗancan ba su san sama ba. In kuna son ku kai, ku tafi kamar mutane. Lema a gaba, waƙa a baki."

Na zare tazugen wandona na ɗaure wa Fasto cinya, na ƙulle wandon a ƙugu yadda ya samu. Na ce masa mu juya, asibiti na baya, Yaya ya riga ya gama nasa. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In na juya, a titi za ku bar shi. Sauke itacen nan, Ita. Ɗora ni."

Samari suka kwashi itacen a ka. Mu huɗu muka cicciɓi Fasto muka aza a kura. Na kama hannu ɗaya, ga mamakina Liman ya naɗe hannun riga ya kama ɗayan. Aka ɗaure likkafanin Yaya, aka mayar da shi makara. Fasto ya ɗaga lema ya fara waƙar cocinsu, wadda Yaya ya fi tsana, mai maimaita baiti ɗaya har kanka ya yi ciwo. Ba ganga, ba mawaƙa, murya ɗaya ce tana rawa.

Haka muka tafi, taku ɗaya a huta. Duk wanda ƙafarsa ta yi ƙaiƙayin sauri sai ya tuna lambatu. Jini na ɗiga ta ƙasan kura yana zana mana hanya, wandona na zamewa ina janyo shi da gwiwar hannu. Sojojin gada suka ji waƙa tun daga nesa, suka janye duro, ɗaya ma ya cire hula. Na ce a raina, Yaya, ko a nan sai da ka mayar da mu takunka.

Da muka isa ƙofar maƙabarta, Alhaji ya sha gaban kurar. Shaddarsa na ɗigar baƙin ruwa, ganyen rogo manne a kafaɗarsa, amma muryarsa ta dawo.

"Nan kuma iyakarsa. Wanda ba ya salla ba ya shiga. Waƙar ma ta isa haka, mamata na ji."

Na dubi Liman. Liman ya dubi ƙasa. Mutumin da ya so a manna wa Yaya gicciye da safe shi ne mai gadin aljanna da yamma, kuma ba wanda ya tuna masa, don rabin taron a shagonsa suke karɓar kwanon rufi bashi.

"Ku bar ni nan," in ji Fasto. Leɓɓansa sun yi fari. "Ku shiga. Yanzu ne lokacin saurin naku."

Amma ƙasar wurin ja ce, mai tsakuwa, ga saiwar mangwaro kusa da Inna. Diga ta yi ta tsalle. Mun daɗe. Duk lokacin da na ɗago sai in hango baƙar lema a bakin ƙofa, tana ƙara karkata, ƙudaje sun yi mata rumfa ta biyu. Muka sa Yaya a gefen Inna, fuskarsa gabas, muka jera itace, muka kwaɓa ƙasa muka toshe, muka rufe. Aka yi addu'a, ba a rage ko harafi ba.

A dawowa muryar Fasto ta tafi. Lemar kawai muka ɗaure a jikin kura. Asibiti kuwa sai washegari aka samu hanya, kuma wanda ya duba shi ya ce a jira likita, likita ya ce a jira wuta. Kafin su gama jira ƙafar ta yi baƙi ta fara wari. Aka yanke ta daga cinya. Ba mai ciwon gwiwar ba, mai lafiyar. A makon ne kuma manya suka sa hannu a takardar sulhu, aka kwashe tayoyi da durorin, mota ta riƙa zuwa maƙabarta kamar ba a yi komai ba.

Matar Fasto ta zo gidanmu da buhun shinkafa a ka, ta sauke a gabana. Ƙafar ce a ciki, an ba ta a asibiti. Ta kai wa dattawan coci, suka ce ba su da addu'ar ƙafa, kuma ƙafar da ta bi gawar Arabo ta san inda za ta nufa. A tsakar gidansu kuwa karnuka sun yi yawa.

"An ce ku kuna binne irin wannan," in ji ta.

Muna binnewa. Na sayi farin yadi na naɗe ta, na ɗauki shebur. Labari ya riga ni zuwa. Alhaji ya aiko a gaya wa mai gadin maƙabarta cewa hukuncin ƙafa hukuncin mai ita ne. Na tsaya a bakin ƙofa da ƙafar mutum a hammata, na rasa wa zan kai ƙara. Sai na haƙa a nan waje, jikin shingen waya.

Ba a jima ba cocin ta sami sabon fasto, saurayi mai ƙafa biyu da lasifika huɗu, wanda ya buɗe wa'azinsa na farko da cewa Allah ba ya yanke abin da ke tafiya a kan hanya madaidaiciya. A namu ɓangaren kuma aka daɗe ana muhawara ko jana'izar Yaya ta inganta, tun da waƙar coci ta shiga cikinta. Wasu har yau in za su ambace shi sai su ce, wancan da aka rera wa waƙa.

Da aka sallamo Fasto na je gaishe shi da farin goro a cikin ganye. Yana zaune a gindin katanga ta ɓangarensu, ya rame, tumbin ya zube, an naɗe ƙafar wando ɗaya an soke da fil. Ya ɓare goron, ya ci, ya yamutsa fuska.

"Ba kamar na mai goro ba."

"Wannan da sauri aka zaɓe shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Yana kusa da tsohuwar?"

"Kafaɗa da kafaɗa."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana tauna, yana kallon inda ƙafar take a da.

"Tawa fa? Matata ta ƙi gaya mini."

Na so in yi masa ƙarya, amma bokona bai kai nan ba. Na ce tana bakin ƙofar maƙabartarmu, ta waje, daidai inda aka ajiye kurarsa.

"Ta waje," ya ce. Ya tofar da tukar goro a gindin katanga. "To, ta san wurin. Ba sai an nuna mata ba."